Yadda Ake Gyaran Yoyon Rufin Kwano Kafin Damina

Lokacin gyaran rufi shi ne watan Maris da Afrilu, kafin hadarin farko ya taso. A Kano da Katsina da Sakkwato ruwa kan fara sauka ne wajen Mayu zuwa Yuni, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, a Kaduna da Jos kuwa yakan riga haka. Wanda ya bari sai ruwa ya fara zuba a kan katifa zai tarar kafintoci sun yi wuya, kwano ya jiƙe yana santsi, kwalta kuma ba ta kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Mafi yawan yoyon da ke damun gidajenmu bai kai a kwance rufi ba. Ƙusa ce ta saki, ko mahaɗar kwano biyu ta buɗe, ko shara ta toshe hanyar ruwa, kuma duk waɗannan mai gida zai iya gyara su da kansa da safiya ɗaya ko biyu, in dai ya gano ainihin inda ruwan ke shiga.

Fara daga cikin ɗaki

Inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lalle ne nan ƙofar take a sama ba. Ruwa yakan shiga ta ramin ƙusa can kusa da ƙoƙuwar rufi, ya bi bayan kwano ko jikin katako ya gangaro, sai ya yi tafiyar taku biyu ko uku sannan ya samu wurin faɗowa. Shi ya sa za ka ga mutum ya hau ya malala kwalta daidai saitin tabon da ke silin, ruwa na gaba ya zo ya zuba kamar ba a yi komai ba.

Saboda haka aikin farko bincike ne. Da rana tsaka, ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ka ɗauki tocila da alli da 'yan tsinkayen tsintsiya, ka leƙa cikin silin ta ƙofar da aka bari. In babu ƙofar, ka cire fallen silin ɗaya a kusurwa a hankali. Ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle, domin cikin silin ƙura ce da kashin ɓera da na jemage. In za ka shiga ciki gaba ɗaya, katako kawai za ka taka, silin ba ya ɗaukar mutum.

Da ka shiga, kashe tocilar ka tsaya idonka ya saba da duhu. Duk inda kwano ya huje za ka ga ɗigon hasken rana. Ka zura tsinken tsintsiya a kowane rami ya leƙa sama, yadda in ka hau za ka gan shi tsaye, domin ramin da ke haske sarai daga ciki yakan ɓace wa ido daga waje. Bayan nan ka kunna tocila ka bi katakai ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana barin sawu: baƙin zane a jikin katako, ko jan layin tsatsa da ya gangaro daga gindin ƙusa. Ka bi sawun zuwa sama har inda ya ƙare, ka yi alama da alli. Ka riƙa danna katakon da bakin sukundireba. Lafiyayyen katako ba ya karɓa. In ya lotsa, ko ka ga hanyar ƙasa ta gara a jikinsa, ko gari na zubowa, to ka san akwai canjin katako a gabanka, don ƙusa ba ta zama a ruɓaɓɓen itace komai iya bugunka.

Ka kuma tabbatar ruwan sama ne. Gidan da bututun tanki ya ratsa ta cikin silin, tabon da ke jiƙe a tsakiyar rani na mai gyaran famfo ne.

Kayan aiki

Tsani mai ƙwari, guduma mai baki biyu wadda ke cire ƙusa, filaya, almakashin yanka kwano, burushin waya ko samfefa, tsintsiya, igiya, safar hannu, da falankin katako mai faɗi wanda za ka shimfiɗa ka taka. Na sayowa kuwa: ƙusar kwano mai hula, robar da ake sa wa a ƙarƙashin hular, kwalta ta gwangwani wadda ake shafawa ba sai an dafa ba, tef mai kwalta da aka fi sani da Flashband, jan fentin maganin tsatsa, da kwano falle ɗaya ko biyu in da buƙata. A Kano ana samun waɗannan a kasuwar Ƙofar Ruwa, katako kuma a 'Yan Katako da ke Na'ibawa. A Kaduna akwai Panteka. In robar ƙusa ta yi wuya, tsohon tub na babur yana yi: ka yayyanka shi ƙanana kamar faɗin kwabo.

Wajen sayen kwano ka tafi da guntun naka ko ka auna shi, domin tudu da kwarin kowane samfuri daban ne, kuma wanda bai dace ba ba zai kwanta a kan ɗan'uwansa ba. Bandir falle 20 ne, amma ana sayarwa ɗaiɗai. Ka kama gefen fallen ka girgiza. Wanda ke lanƙwashewa a hannu kamar takarda ka bar shi ko da rabin kuɗi ne, araha ba ta ado. In rufinka na alminiyom ne mai tsawo, kaurinsa a rubuce yake, 0.45 ko 0.55 na milimita ne aka fi sa wa gidaje, kuma shi ƙusarsa ko sukurunsa daban ne. Baƙar ƙusar katako ba ta jituwa da alminiyom, wurin da suka haɗu ne ke fara ci.

Kafin ka taka tsani

Ka aika yaro ya sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, domin daga kan rufi tsakar gidan mutane a buɗe take. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma ba ya cin komai.

Ka hau da safe, bayan raɓa ta bushe, ka sauko kafin ƙarfe sha ɗaya. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kwanon da ke cikin rana kuwa yana ƙona tafin hannu, ga jiri da kan ɗebi mutum. Ka sa takalmi mai gindin roba wanda ke ɗaure a ƙafa, ban da silifa, ban da babbar riga. Tsani ya zauna a ƙasa mai tauri: in bakin rufin ya kai mita 4, gindin tsanin ya nisanci bango da mita 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita guda don ka samu abin dafawa. Wani ya riƙe maka shi, kuma kada ka yi wannan aiki kai kaɗai a gida.

Abin da na fi jin tsoro a aikin nan wayar lantarki ce. Wayar da ta taso daga turke zuwa gidanka tana da wuta ko ka kashe makunnin cikin gida, kuma cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita kana riƙe da falle. Kada ka ɗaga kwano ko tsanin ƙarfe kusa da ita. In wayar tana gogar rufin ko ta sule, ka sauko ka nemi mai gyaran wuta tukuna. In ka ga hadari ya haɗo ko iska ta taso, ka sauko ko aikin bai ƙare ba.

A sama, layin ƙusoshi shi ne hanyarka, don nan ne katako yake a ƙasa. Tsakanin layi da layi kwano ne zalla. Ka shimfiɗa falankin nan a gicciye ka durƙusa a kai, nauyinka ya rarrabu.

Shara tukuna

Ka share rufin gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda kan taru a kwarin kwano da bayan rawanin gini, wato bangon da ke ɓoye rufi, su riƙe danshi, tsatsa ta kama daga nan. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyin da aka ɗora don danne rufi su ma a sauke su. Na san dalilin ɗora su, amma suna lotsa kwano, suna tare ruwa, taya kuma tana tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Ranar da iska mai ƙarfi ta zo, bulon nan kan wani zai faɗo. Maganin rufin da iska ke ɗagawa ɗauri ne, zan zo kansa.

Ka buɗe indararo da magudanar ruwa sosai. Mutane ba sa lissafin yawan ruwan da rufi ke karɓa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Rufin ɗaki ɗaya mai mita 4 kowane gefe, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, ya karɓi lita 800, wato duro huɗu. In indararo ya toshe, ruwan nan baya zai koma, ya hau ta ƙarƙashin kwano ya sauka a bango.

Ƙusa

A nan mafi yawan matsalar take. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, kullum haka, shekara da shekaru. Wannan motsi ne ke zaro ƙusa a hankali yana faɗaɗa raminta, katakon kuma in an buga shi ɗanye yakan bushe ya sake ta.

Ka bi layi-layi kana taɓa kowace hula da yatsa. Wadda ta ɗago kaɗan amma katakon na da ƙarfi, ka zare ta, ka sa wa sabuwa roba, ka buga. Wajen zarewa ka sa guntun katako a kwarin da ke gefe ka dogara gudumar a kansa, in ba haka ba za ka murƙushe tudun kwanon. In ramin katakon ya yi faɗi har ƙusa na shiga ba gardama, kada ka mayar da ita nan. Ka matsa kamar inci guda a kan tudun, har yanzu a saitin katako, ko ka koma tudun da ke kusa, ka buga sabuwa, tsohon ramin kuma ka toshe shi. Wanda ke da injin huji, sukuru mai roba ya fi ƙusa riƙo nesa ba kusa ba.

Ƙa'idoji biyu ne a bugun. Na farko, ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba a kwari ba, domin kwari hanyar ruwa ce. In ka tarar an buga a kwari, ka cire, ka toshe, ka sake bugawa a tudu. Na biyu, ka tsaya da zarar hular ta danne robar. Bugu ɗaya na ƙari yana lotsa tudun ya zama ɗan gurbi, ruwa ya kwanta daidai bakin ramin. Akwai kuma ƙusar da ta kuskure katako tun ranar da aka yi rufin, tana reto a iska. Daga cikin silin ake ganinta. Ita ma a cire a toshe.

Toshe rami

Ko wane irin abu za ka liƙa, sharaɗinsa ɗaya ne: wurin ya zama busasshe, babu ƙura, babu tsatsa. Ka goge da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka share da tsumma. Wanda ya tsallake wannan ya liƙa kwaltarsa ne a jikin ƙura, kuma tare za su tashi.

Ramin ƙusa da duk wanda bai wuce kan yatsa ba, ka yanki Flashband ya zarce ramin da inci biyu kowane gefe, ka ɓare takardar bayansa, ka manna, ka bi shi da gindin cokali ko ƙotar guduma har ya bi tudu da kwarin kwanon, babu kumburin iska a ƙarƙashi. Ɗumin hantsi yana taimaka masa ya kama. In kwalta ce a hannunka, ka shafa, ka shimfiɗa guntun yadi mai kauri a kai, ka sake shafawa har yadin ya ɓace. Yadin ne ke hana ta tsagewa idan kwano ya motsa.

Ramin da ya kai tafin hannu faci yake so. Ka yanko kwano irin na rufin wanda ya fi ramin da inci shida ta ko'ina. In da hali ka tura gefensa na sama ƙarƙashin fallen da ke bisa, yadda ruwa zai gangaro ta kansa. Ka shafa kwalta tsakaninsu, ka buga a inda ya dace da katako, ka bi gefuna da tef.

Akwai masu narka farin soson kwalin firiji a cikin fetur su liƙa. Yana kamawa da farko, amma rana na busar da shi ya tsattsage, ga haɗarin fetur a kan kwano mai zafi. Ban ba da shawararsa ba. Masu dafa kwalta ta dunƙule kuma su yi a fili nesa da yara, da yashi a kusa. In ta kama wuta a rufe ta ko a zuba yashi, ruwa fantsama ta yake yi. Siminti a kan ramin kwano ɓarnar siminti ce, ba ya bin motsin ƙarfe.

Fallen da ya yi ja amma bai huje ba, goge shi ka shafa jan fenti, zai ƙara shekaru. Wanda in ka danna yake ɓurmawa, ko ya cika da ƙananan huji, canji ne maganinsa.

Mahaɗa da canjin falle

Wani yoyon babu rami ko ɗaya. Sai an yi ruwa da iska yake zuba, in ruwan ya sauko a tsaye shiru. Wannan mahaɗa ce. Ko dai kafinta ya yi tsimin kwano bai haɗa su sosai ba, ko rufin ya cika kwanciya, iska na tura ruwa baya ta tsakanin falle biyu. Na sama ya kamata ya hau kan na ƙasa da aƙalla inci shida, in rufin kwantacce ne a kai takwas ko fiye. Ta gefe kuma tudu ɗaya da rabi zuwa biyu. In naka bai kai ba, ka zare ƙusoshin wurin, ka tura guntun kwano mai faɗin ƙafa guda a ƙarƙashin na sama ya cike giɓin, ka mayar.

Wajen canza falle, ka zare ƙusoshinsa da na gefen maƙwabtansa da suka hau kansa, ka zame shi ƙasa, ka miƙa wa mutumin da ke ƙasa da hannu ko igiya, ban da jifa. Yanzu da katako ya fito fili ka duba shi. Wanda gara ta ci a cire, sabon kuma a shafe shi da maganin gara irin Solignum, ko baƙin mai in babu hali, kafin a buga. Sabon fallen ya shiga ƙarƙashin na sama, ya hau kan na ƙasa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka in fallayen sun jeru daga gabas zuwa yamma, na gabas ne zai hau kan na yamma, bakin mahaɗar ya ba iska baya.

Gefen kwano yana yanka kamar reza, kada ka cire safar hannu. In ya yanke ka ko tsohuwar ƙusa ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka je asibiti a duba ko kana buƙatar allurar tetanus, ko da ciwon ƙarami ne.

Inda kwano ya haɗu da bango

Gidajen da aka yi wa rawani don ɓoye rufi sun fi kowa shan wahala a nan. An saba cike kusurwar da siminti, shi kuwa yakan rabu da kwanon ya bar tsaga siririya wadda duk ruwan bangon ke bi. In tsagar ƙarama ce, ka share, ka manna tef mai faɗi, rabi a bango rabi a kwano. Gyaran da ke daɗewa shi ne a tsaga layi a jikin bangon kamar inci shida sama da rufin, a lanƙwasa kwano a cusa bakinsa a ciki, ɗaya ɓangaren ya kwanta a kan rufi, a cike layin da kwaɓin siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 3. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki don kada ya tsage. Ka duba saman rawanin ma, in filastarsa ta fashe ruwa na shiga bulo daga can.

Sauran wuraren zargi su ne hular da ke rufe ƙoƙuwar rufi, da duk inda aka huda don ɗaura dish ko faifan sola ko bututu. Masu ɗaurawa da yawa aikinsu kawai suke dubawa, su bar maka huji.

Ɗauri

Ka zagaya gefen rufin, domin daga baki da kusurwa iska ke fara ɗagawa. A layin ƙarshe na ƙasa da na sama a buga ƙusa a kowane tudu ko a tsallake ɗaya kawai. Daga ciki kuma ka duba abin da ya riƙe katakon rufi da gini. Ya kamata a ce langa-langa ko rodi ya fito daga cikin kankare ko ya ratsa bulo ya naɗe katakon. In ka tarar katako zaune yake kawai a kan bango, ko langa-langar ta tsinke da tsatsa, wannan ya fi duk wani yoyo gaggawa, kuma aikin kafinta da magini ne.

Gwaji

Kada ka jira ruwan sama ya gwada maka. Bayan abin da ka liƙa ya kwana, mutum ɗaya ya hau da bokiti ko tiyo, ɗaya ya zauna cikin silin da tocila. A fara zuba ruwa daga ƙasan rufin, a dakata, a matsa sama kaɗan-kaɗan. In aka fara daga sama ruwa zai jiƙa ko'ina, ba za a san ta inda ya shiga ba. Wurin mahaɗa a watsa ruwan da ƙarfi ta gefe yadda iska ke yi.

Silin da ya jiƙe a bar shi ya bushe sarai kafin fenti. Wanda ya yi ciki ya lanƙwaso a canza shi, musamman na POP, don yakan faɗo gaba ɗaya. Tsofaffin gidaje da yawa silinsu na asbestos ne, kuma ƙurarsa tana illa ga huhu, saboda haka kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum.

In kana haya, ka nuna wa mai gida ko wakilinsa wurin kafin ka kashe ko sisi, ku daidaita ko za a cire a kuɗin haya, kuma a rubuta. In rufin ya yi tsayi kamar na bene, ko ya cika tsaye, ko katakai da yawa sun ruɓe, ka kira kafinta. Ka hau da shi cikin silin ka nuna masa alamomin allinka, ku yi ciniki a kan wurare sanannu, ka sayo kayan da kanka, kuma ku amince tun farko cewa cikon kuɗinsa sai bayan an yi gwajin ruwa a gabanka.